Yadda USDT 3,000 na tallafin ambaliya suka sa aka rufe mana asusun ƙungiya wata huɗu

Ina tsaye a shagon wani Alhaji a kasuwar Singa, an gama loda katan-katan na taliya da jarkokin mai a bayan a-kori-kura, na ciro waya zan tura kuɗi sai transifa ta ƙi tafiya. Na sake ta ƙi. Yaron shagon yace ai tun safe netwok ke wasa da mutane, na ɗan jira, na jira har aka kira la'asar na je na yi salla na dawo na sake gwadawa, wannan karon sai wani rubutu ya fito wai na tuntuɓi reshen bankina. Mai a-kori-kura ya fara mita, ƙarshe a gabana aka sauke kayan nan ɗaya bayan ɗaya kuma sai da na biya 'yan dako kuɗin lodi da na saukewa daga aljihuna. Farkon Oktoba 2024 kenan, kuma ban ƙara taɓa kuɗin asusun nan ba sai Fabrairu.

Bari na koma baya. Ƙungiyarmu ƙarama ce, tsofaffin ɗaliban makaranta ɗaya ne muka haɗu muke ɗan taimaka wa marayu da kuɗin makaranta da kayan salla, mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tun 2016 da amintattu biyar, ni aka ba ma'aji saboda kawai lissafi nake koyarwa, ba wai na taɓa karantar aikin akanta ba. Da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024, kowa ya ga bidiyoyin, Gwange, kasuwar Monday, har fadar Shehu da asibitin koyarwa da gidan zu, sai 'yan guruf ɗinmu na WhatsApp suka ce ba za mu zauna muna kallo ba. Cikin kwana biyar mun tara naira miliyan 3.4 daga nan gida. Sai abokanmu da ke Saudiyya da Malesiya, su tara, suka ce sun haɗa dala 3,000 amma turowa ta banki akwai caji da ɓata lokaci kuma canjin bai musu ba, za su turo USDT, wato kuɗin kirifto da darajarsa ke bin ta dalar Amurka, minti biyu ya iso.

Ni a lokacin abin da na sani game da kirifto shi ne ƙanina da ke kwana yana dangwalar waya, lokacin ana tsakiyar zazzaɓin Hamster Kombat, wani wasan waya da aka ce zai biya kirifto, duk majalisa ka je yara sun duƙufa wai suna mainin. Na kira shi nace Auta kai ne masanin abin nan, yace Yaya ai wannan ba komai ba ne. Ya buɗe walet a wayarsa ya tura musu adireshi, wani dogon layin haruffa da lambobi da ya fara da T, yace ta wata hanyar turawa da ake kira TRC20 za su turo don cajinta bai da yawa. Kafin na gama shan shayi ya nuna min 3,000 sun zauna. Wallahi na ji daɗi, har nace lallai zamani ya zo da sauƙi.

Matsalar ita ce mai masara a Dawanau ba ya karɓar USDT, sai an mayar naira. Shi Auta ya yi min bayanin yadda abin ya cukurkuɗe a ƙasar nan, kuma daga baya lauya ya maimaita min shi tiryan-tiryan. A Fabrairu 2021 CBN ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto har yace a rufe asusunsu, wannan ne ya kora kowa zuwa P2P, wato kai da mutum kai tsaye, ya turo maka naira ka sakar masa koyin. A Disamba 2023 CBN ya janye hanin ya fitar da ƙa'idoji, to kafin a gama murna sai ga rikicin Binance, babban dandalin cinikin kirifto, a Fabrairu 2024 lokacin da naira ke ta zubewa, aka tsare jami'ansu biyu a Abuja, ɗaya Nadeem Anjarwalla ya tsere, ɗayan Tigran Gambaryan sai Oktoba aka sake shi, kuma tun Maris Binance ta daina harka da naira baki ɗaya. To inda yara suka saba sayarwa ya rufe, da yawa suka koma guruf-guruf na Telegram da WhatsApp inda babu mai tsaya maka a tsakiya. Abin da Auta bai sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne a ƙarshen Agustan 2024, mako biyu kacal kafin ambaliyar, SEC, hukumar kula da kasuwar hannayen jari, ta ba dandalolin kirifto na Busha da Quidax amincewar farko su yi aiki a hukumance. Hanya tana nan mu ne ba mu neme ta ba.

A wani guruf ya sa talla, aka yi ta taya masa wajen 1,650 kowace dala, sai wani ya biyo shi ta gefe yace zai saya duka a 1,700. Hamsin sau 3,000 naira 150,000 kenan, na lissafa a tabarmi da gidan sauro nace a sayar masa. Mutumin ya nuna ladabi sosai, da ya ji kuɗin tallafi ne har addu'a ya yi mana, sannan yace don komai ya tafi a bayyane gara ya biya kai tsaye cikin asusun ƙungiya ba na Auta ba, a turo masa lambar asusu da hoton satifiket ɗin rajista don hankalinsa ya kwanta. Na ga ai magana ce ta gaskiya, ni da hannuna na ɗauki hoton satifiket na tura. Yace a ba shi zuwa gobe da yamma zai haɗa kuɗin.

Washegari alat ya fara shigowa, amma ba dunƙule ɗaya ba. 1,700,000, sai 850,000, sai wani 850,000, haka dai har kashi bakwai suka cika 5,100,000 cif, kuma kowane da sunan mutum daban, babu ko ɗaya da ya yi kama da sunan da yake amfani da shi. Na tambayi Auta, ya tambaye shi, yace yaransa ne masu POS yake sa su turo saboda iyakar da banki ya sa masa a rana. Zuciyata ta ɗan yi ɗar, ba zan ɓoye ba, amma kuɗi sun cika mutane suna kwana a kan titi, nace Auta sakar masa. Muka sayi tabarmi da barguna da gidan sauro da garin masara na miliyan 4.2 aka kai Maiduguri aka raba, muka ɗora hotuna a Facebook kowa yana Allah ya saka. Saura miliyan 4.3 su ne na je yin zagaye na biyu da su a Singa.

Da safe na sa manyan kaya na tafi banki. Yarinyar da ke teburin kwastoma ta duba kwamfuta ta ɗago ta kalle ni wani iri tace an sa PND a asusun, wato kuɗi na iya shiga amma ko kwabo ba ya fita. Nace saboda me, tace sai dai na ga manaja, manaja yace ranka ya daɗe umarni ne daga hedikwata bisa takardar kotu kuma ba shi da hurumin faɗa min fiye da haka. Na yi ta faɗa ina cewa kuɗin marayu ne da 'yan gudun ruwa, shi dai yana ba ni haƙuri. Daga baya na gane ko yana so ba zai iya ba, idan banki ya kai rahoton hada-hadar da yake zargi ga NFIU, hukumar da ke bin diddigin hada-hadar kuɗi, doka ta hana ma'aikaci ya tsegunta wa mai asusun.

Na kira shugabanmu nace Alhaji akwai matsala, ya saurara har na gama, abin da kawai yace shi ne "Malam, kai ka ga sunayen daban-daban ka saki?" Nace na gani. Ya yi shiru yace mu haɗu wajen lauya bayan magariba.

Lauyan ɗan ajinmu ne shi ya sa bai caje mu abin kirki ba, amma bai raga mana ba. Yace ƙarƙashin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 hukuma na iya tsayar da asusu har awa 72 ba tare da kotu ba, bayan nan sai da umarnin kotu, mu kuma namu akwai umarnin, don haka batun mu je mu yi hayaniya bai taso ba. Ya rubuta wasiƙa, bayan kwana tara aka gano ƙorafi ne mutum huɗu suka shigar cewa ƙungiyarmu ta karɓi kuɗinsu na shinkafa ta gudu. Nace shinkafa kuma? Mu da ko ƙwaya ba mu taɓa sayarwa ba. Sai ga takardar gayyata daga masu bincike zuwa Abuja, ni da shugaba da Auta.

Kafin tafiya lauya ya sa mu haɗa fayil, a nan na san cewa shekara takwas muna aiki ne da yardar Allah da yardar juna kawai. Yace ina takardar zaman da amintattu suka amince a karɓi kirifto, babu, a WhatsApp aka yi magana. Ina rajistar masu ba da gudummawa, babu. Walet ɗin sunan wa, ai walet ba ta da suna, tana wayar Auta tare da su Hamster. Ina rasit na kayan da aka saya, wasu akwai wasu a bayan kwalin sigari mai kaya ya rubuta min. Ina satifiket ɗin SCUML, nace mene ne kuma SCUML, ya dafe kai. Abin da ya cece mu shi ne Auta bai goge hirarsa da mutumin ba, duk da shi mutumin ya goge nasa ɓangaren ya toshe Auta, skirinshot ɗin da Auta ya riƙa turo min a lokacin suna nan a wayata da kwanan wata da lokaci. Muka buga su shafi 31.

Wani abin mamaki shi ne ɓangaren kirifton da nake tsoro shi ya fi komai sauƙin nunawa. Auta ya buɗe Tronscan, shafin da ake duba shige da ficen koyin, ya sa lambar hada-hadar, ga shi nan ɓaro-ɓaro, 3,000 sun shigo rana kaza ƙarfe kaza daga adireshi kaza, sun fita zuwa adireshi kaza mintuna kaɗan bayan alat na bakwai, kuma daga can cikin ƙasa da minti goma an raba su gida uku sun yi gaba. Duk duniya kowa na iya gani ba mai iya gogewa. Sai dai adireshi kake gani ba fuska ba. Na tambayi lauya tunda an ce kamfanin Tether mai fitar da USDT na iya daskarar da shi idan hukuma ta nema, me zai hana, yace ana yi amma kar na ɗora rai a kai, kuɗin sun riga sun yi nisa.

Jami'in da ya yi mana tambayoyi ɗan arewa ne, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, kuma hakan ya fi ba ni tsoro. Ya raba mu ɗaki daban-daban kowa ya rubuta bayaninsa da hannunsa. Nawa ya kai shafi shida, ya karanta ya dawo da ni kan abu ɗaya, su waye mutum taran da suka turo dalar, me suke yi a can, ta ina suka samu USDT ɗin. Nace yallaɓai abokaina ne tun muna aji ɗaya, niyyarsu alheri ce, yace "Malam niyya tana wajen Allah, ni takarda aka ba ni na karanta." Sannan ya lissafa min da yatsu, ƙungiyar agaji, kuɗi daga waje ta hanyar da ba banki ba, kuma za a kai Borno, yace duk wanda ya ga ukun nan a fayil ɗaya dole ya tsaya. Ban ji daɗin maganar ba amma na san ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. Na tuna 2019 da sojoji suka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a arewa maso gabas na wani lokaci, manyan ƙungiyoyi ma kenan masu lauyoyi da oditoci, na kuma tuna 'yan Najeriya shida da kotu a Daular Larabawa ta ɗaure kan tura wa Boko Haram kuɗi. Ga shi tun Fabrairu 2023 FATF, ƙungiyar duniya mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan safarar kuɗi, hukumomi duk a tsaye suke suna son nuna suna aiki, mu kuma muka kawo kanmu a daidai lokacin.

Sai da kowane ɗaya cikin taran ya turo hoton fasfo da katin zama da wasiƙa mai sa hannu cewa shi ya ba da kaza. Takwas suka turo cikin mako guda. Na taran tela ne a Jidda takardunsa na zama sun ƙare, ya tsorata ya kashe waya kwana goma, dala 100 kacal ya bayar amma ita ta riƙe mu, sai da yayansa a nan Kano ya lallashe shi ya turo fasfo kawai da saƙon murya yana rantsuwa yana cewa shi daga yau ko sadakar naira biyar zai yi a hannu zai bayar.

Ranar da aka haɗa mu da masu ƙorafi ita ce ba na mantawa. Akwai wata Hajiya mai sayar da abinci a Mararaba, ina shiga aka ce ga ma'ajin, ta miƙe tace "kai ne ɓarawon? da gemunka?" Na rasa abin cewa. Ta buɗe jaka ta ciro waya fuskarta duk a fashe ta nuna min talla, tambarin ƙungiyarmu ne, hoton satifiket ɗin da na tura da hannuna, lambar rajistarmu, har da wani tsohon hotonmu muna raba kayan salla ni ina tsakiya ina murmushi. An rubuta wai ƙungiya ta samu kason shinkafar gwamnati mai rangwame, buhu 40,000 da kuɗin mota 2,500, a biya cikin asusun ƙungiya kafin ƙarfe huɗu. Kuma a watan ne gwamnati ta ƙaddamar da sayar da shinkafar 40,000 ɗin da gaske alhali a kasuwa ta ninka haka, ga sunan asusu ya fito na ƙungiya mai rajista ba na wani mutum ba, wa zai yi shakka. Buhu 20 ta biya, 850,000, kuɗin adashinta ne da ta kwasa da na ƙanwarta. Na ɗauki biro na raba 5,100,000 da 42,500 ya ba ni buhu 120 daidai ba ragowa. Wato mutumin nan tun da ya ce a ba shi zuwa gobe, kwana ya yi yana sayar da shinkafar da babu da sunanmu, su suka biya, mu muka karɓa, shi ya tafi da dala mai tsafta ko sisinsa bai fita ba.

Nace Hajiya ki yi haƙuri wallahi ni ma cuta ta aka yi, tace cutarka daban tawa daban, kai kuɗina a hannunka suka shiga. Kuma gaskiyarta.

Jami'in yace bincike ya nuna ba mu da hannu a tallar, amma kuɗin mutane ne suka shiga wajenmu ba da yardarsu ba, hanya mafi sauƙi mu sasanta a mayar musu a rubuce sannan a koma kotu a nemi janye umarnin. Sauran ukun da ba su kai ƙara ba ma aka nemo su ta bankunansu. To miliyan 5.1 ake bin mu, a asusu akwai 4.3, kuma su ma 4.3 ɗin wasu amintattu suka ce ai akwai sadakar mutane a ciki da aka bayar don 'yan ambaliya, da wane dalili za a biya bashin sakaci da ita. Zaman ya yi zafi har wani yace a cire ni. Muka kai maganar wajen malaminmu na unguwa, ya saurara yace kuɗin masu shinkafa ba su taɓa zama halal gare mu ba tunda ba da daɗin ransu suka bayar ba, mayarwa wajibi ne ko da kotu ba ta ce ba. Sannan yace wanda aka ba amana ba ya ramuwa idan abu ya salwanta sai in ya yi sakaci, ya juyo ya kalle ni yace "Malam ka yi sakaci ko ba ka yi ba?" Duk ɗakin aka yi tsit. Nace Allah gafarta Malam na ga sunaye bakwai kuma zuciyata ta faɗa min.

Aka tsayar cewa za a biya daga asusu, giɓin 800,000 ni da Auta mu cike, sannan amintattu su yi karo-karo a hankali a mayar da abin da ya kamata ya je Maiduguri. Na sayar da babur ɗina, Auta ya sayar da wayarsa babba ya koma ƙarama, dama Hamster ɗin da ya yi wata da watanni yana dangwala da aka fashe abin da ya samu bai kai kuɗin datar da ya ƙona ba. Abokanmu na waje da suka ji, ba su ce komai ba suka sake haɗa wani abu, wannan karon ta banki.

Na ɗauka shikenan, ashe rabi aka yi. Banki yace ko kotu ta janye ba za su saki asusun ba sai mun sabunta takardunmu, kuma a gaba-gaba satifiket ɗin SCUML. Shi SCUML sashe ne a ƙarƙashin EFCC da ke sa ido kan harkokin da ba na banki ba amma kuɗi ke bi ta cikinsu, irin dillalan gidaje da motoci da masu gwal da otal-otal, kuma ƙungiyoyin agaji ma banki na tambayarsu takardar. Rajistar kyauta ce ta intanet ake yi, duk da haka wani a bakin shagon intanet yace na kawo 60,000 ya fito min da ita cikin kwana uku, na kusa bayarwa lauya ya hana yace daga wannan ramin za ka sake faɗawa wani. Ana buƙatar satifiket ɗin CAC da kundin tsarin ƙungiya da lambar haraji ta TIN da BVN da katin shaidar amintattu da bayanan asusu.

Nan ma muka ci karo da namu. Da aka duba mu a shafin CAC an rubuta ƙungiyar ba ta aiki, saboda tun rajista ba mu taɓa shigar da rahoton shekara ba, ni ban ma san ana yi ba, na ɗauka in ka karɓi satifiket ka sa a firam an gama. Sai da muka nemo akanta mai lasisi ya zauna da tsofaffin litattafaina na makaranta da nake rubuta shiga da fita a ciki, ya haɗa lissafin shekara-shekara, muka biya kuɗin kowace shekara da tararta. Sannan ɗaya daga amintattunmu ya rasu tun 2021, Allah ya jiƙansa, sunansa na nan a takarda, canza shi kuma sai an yi zama an rubuta an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko akwai mai ja. Sunan shugaba kuma a CAC Muhammad, a BVN Mohammed, a NIN an sa sunan mahaifinsa a gaba, wannan kaɗai ya ci mako uku da rantsuwar kotu. Sau biyu ana dawo mana da buƙatar SCUML, na farko hoton kundin bai fito ba, na biyu adireshin ofis bai dace da na TIN ba don mun tashi daga shagon da muka fara. Duka laifinmu ne. A karo na uku ta wuce, satifiket ya zo ta imel, na buga kwafi biyar.

Lauya ya kuma sa muka rubuta ƙa'idar karɓar gudummawa shafi biyu amintattu suka sa hannu. Duk wanda zai ba da abu mai yawa sai an san shi da katin shaida, kuɗi ba sa shiga asusu sai daga sunan wanda ya ce zai turo, in suna ya bambanta a mayar a kuma sanar da banki a rubuce, ba a karɓar tsabar kuɗi masu yawa, dama doka ta sa iyakar miliyan 5 ga mutum da miliyan 10 ga kamfani in ba ta banki ba, kuma satifiket ɗinmu ba ya sake fita a WhatsApp. Kan kirifto an yi gardama, Alhaji yace a haramta shi kwata-kwata, ni da aka ƙona kuma nace a'a, don na ga da idona koyin ɗin bai yi mana ƙarya ba, nairar baƙo ce ta shigo da datti. Aka tsaya a kan in za a karɓa sai ta dandalin da SEC ta sani, da asusu mai sunan ƙungiya ba wayar ƙanin kowa ba, kuma babu P2P ko nawa aka ɗora a kan canji. Har yau dai ba mu sake karɓa ba, Alhaji ne ke sa hannu na biyu kuma na san ba zai sa ba.

Bayan mun fita ne abubuwa suka yi ta sauyawa, a Maris 2025 Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari da ta shigar da kadarorin dijital ƙarƙashin SEC ta kuma tanadi ɗauri har shekara 10 ga masu Ponzi, wato damfarar zuba jari, wata guda bayan nan wani dandalin zuba kuɗi mai suna CBEX ya rufta da kuɗin mutane ciki har da malamai biyu a makarantarmu da na yi ta ja musu kunne suna cewa ai ni tsoro ne ya kama ni, a Oktoba 2025 kuma FATF ta cire Najeriya daga jerin nan. Mutuminmu mai addu'a dai ba a kama shi ba, layin da ya yi amfani da shi da sunan wata tsohuwa aka yi masa rajista.

Ranar da aka saki asusun a Fabrairu manaja da kansa ya kira ni, na fita daga aji na tsaya a baranda na tura wa mutum bakwai kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya Alhaji yana amincewa daga wayarsa. Hajiyar Mararaba ta kira bayan minti biyar tace ta gani, tace shinkafar dai yanzu kuɗin ba za su sayi buhu 20 ba, nace haka ne Hajiya, tace to Allah ya kiyaye gaba ta kashe. Zagaye na biyu na kayan Maiduguri sai ana gab da azumi ya tafi, lokacin mutane sun bar sansani sun koma gidajen da suka rage, sai ta hannun wani limami a Gwange aka bi su gida-gida. Na koma shagon Alhajin nan na Singa a adaidaita, yaron shagon ya gane ni, yace Malam a loda ko a jira alat tukuna, nace a jira.